Kabewa da Danginta: Me Ake Ci, Me Ake Bari

Ƙannena da 'ya'yana na Dugabau, da na Garo da Gude da Durun, har ku na wajen Gwarzo da Getso da Kutama, yau maganar miya na kawo muku. Na san samari za su ce wannan ai zancen mata ne, su dai a miƙo musu kwano. Ku yi haƙuri ku saurara. Ku ne masu cefanen gobe, wasunku ma sun fara, kuma kun ga yadda kuɗi ke narkewa a hannu tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A irin wannan zamani bai kamata magidanci ya tsallake abinci a bayan ɗakinsa ya tafi kasuwa neman na saye ba.

Mu fara da kabewa, tunda babu gidan da bai san ta ba. Yadda muke yi da ita yanzu shi ne a fere ɓawo da kauri, a kwashe hanjin da 'ya'yan a watsa a bola, a yanka tsokar a jefa a taushe ranar suna ko ranar Salla. An gama da kabewa ke nan. Ganyenta da tohonta da furenta kuwa ko kallo ba su ishe mu ba, sai awaki su more su in an saki dabbobi bayan girbi. Alhali in ka ɗauke saiwa da tsohon yaɗon da ya yi tauri, sauran duk abinci ne, kuma shukar tana iya ciyar da gida tun da daɗewa kafin ɗanta na farko ya ƙosa.

Ganyen ba kowanne ake tsinka ba. Wanda ya tsufa ya yi duhu da kaushi a bar wa shuka, shi ke ciyar da 'ya'yanta. Wanda ake so shi ne na kusa da kan yaɗo, mai faɗin tafin hannu, tare da tohon da bai gama buɗewa ba. Yana da gashi mai ƙaiƙayi, wannan ne ma ke korar wanda bai sani ba. Ga dabarar: ki karya gindin sandar ganyen kaɗan da farce, ki ja fatar da ke bayanta sama a hankali. Za ta biyo kamar zare har cikin jijiyoyin ganyen, ta tafi da ƙayar. Ki juya sandar ki sake, har ta yi sumul. Sai ki murza ganyen tsakanin tafukanki a cikin ruwa, ki ɗauraye sau biyu saboda ƙasa, ki yanka ƙanana. Da ya sha wuta kaɗan ƙaiƙayin ya tafi. Da niƙaƙƙiyar gyaɗa da albasa da tattasai, miya ce da za a ci tuwon masara da ita a nemi ƙari. A Zambiya da Malawi da Zimbabuwe haka suke dafa shi da gyaɗa, cimar yau da kullum ce a ƙauye da birni, har ɗauri-ɗauri ake sayar da shi a kasuwa. Amma kada a yi zari. Ganye biyu ko uku daga kowane yaɗo sun isa, a bar shi ya huta kwanaki. Tsinke toho ma yana sa shuka ta yi rassa.

Abin da ke ba ni dariya shi ne, a 'yan shekarun nan mutanenmu sun koyi zuwa Sabon Gari ko 'Yankaba su sayo ugu, wai yana ƙara jini, har a matse ruwansa a haɗa da madara a bai wa mai jego. Ba laifi, ganye ne mai kyau, kuma dangin kabewa ne na nesa da 'yan kudu maso gabas suka riƙe suka daraja. Su sun riƙe nasu har mun koya daga gare su. Namu yana yaɗo a kan danga kyauta.

Fure kuwa sai kun fita da sassafe, kafin rana ta yi zafi, kun duƙa kun duba da kyau. Za ku ga iri biyu a jikin shuka ɗaya. Akwai mai doguwar siririyar sanda, babu komai a ƙarƙashinsa, wannan namiji ne. Akwai mai gajeriyar sanda da 'yar gunda kamar ƙwallon goriba ƙarami a gindinsa, wannan mace ce, ita ke zama kabewa. Mazan su ke fara fitowa, kuma sun fi matan yawa nesa ba kusa ba. Kowane fure safiya ɗaya yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, ya gama zamaninsa. A cikin wannan 'yar tazara ƙudan zuma ke ɗauko rawayan garin da ke cikin namiji ya kai wa mace. In bai zo ba, gundar za ta yi rawaya ta faɗi. Manomi nawa ne ke cewa an yi wa kabewarsa baki tana zubar da gunda, alhali zuma ce feshi ya kora? Maganin yana hannunku. Ku tsinko namiji ɗaya, ku yage fatun furen, ku goga tsinken tsakiyarsa a tsakiyar macen. Namiji ɗaya yana isar mata biyu ko uku.

Sauran mazan da suka rage fa? Nan da yamma za su yanƙwane a banza. A tsinke su, a karkaɗe tururuwa, a cire tsinken ciki, a tsoma a ƙullu mai ruwa-ruwa irin na ƙosai a soya. Mutanen Italiya haka suke yi da ƙullun fulawa, kuma a gidajen abincinsu ba arha ne da shi ba. Mutanen Meziko a cikin wainar masararsu suke sa shi. In babu mai, a yayyanka a zuba a miya dab da saukewa.

'Ya'yan da muke watsawa a bola su ne ma suka fi komai ƙarfi a jikin kabewa. In an ɓare su an busar, kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsu sinadarin gina jiki ne, kusan rabi kuma mai ne, ga sinadarin ƙarfe da zinki. A wanke su a raba su da hanji, a shanya, a soya a tukunya ba mai da ɗan ruwan gishiri, yara su ɓare su ci kamar gyaɗa. Ko a daka su a kaɗa miya. Agushin da muke saye da tsada ai 'ya'yan guna ne, 'yar'uwar kankana, duk gida ɗaya suka fito. Shi ma hanjin in an dafa shi narkewa yake yi ya ƙara wa miya kauri. Ɓawon ɗanyar kabewa wadda ba ta ƙosa ba laushi gare shi, ba ya buƙatar wuƙa. Ta ƙosasshiya ce ake ferewa, ita ma sama-sama.

Tsokar kuwa, gwargwadon jan launinta gwargwadon amfaninta. Wannan launi shi jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Rashinsa ne ke kawo dundumi, yaro ko mai ciki su kasa gani da zarar magariba ta yi, shi ne kuma ke sa ƙyanda ta yi wa yaro mugun kamu. Bitamin A ne a cikin ɗan ƙwanson da ma'aikatan lafiya ke matsa wa yara a baki lokacin makon lafiyar mata da yara. A 2016 babbar kyautar abinci ta duniya masana huɗu aka ba, uku daga cikinsu saboda yaɗa dankali mai jan ciki a Afirka, don dai wannan sinadari. Mu kuwa muna da shi a kabewa tun kaka da kakanni, kuma kabewar da ta ƙosa aka tsinke ta da ɗan sandarta, aka ajiye a inuwa ba a ƙasa mai laima ba, tana yin watanni. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 a Najeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi, sannan yara 68 cikin 100 na fama da ƙarancin jini. Ba na cewa kabewa za ta warware wannan duka. Talauci da cuta da ruwan sha duk suna ciki. Amma yaron da aka yaye a kan koko zalla da wanda ake dama wa koko da dafaffiyar kabewa da garin gyaɗa, ba sai likita ya faɗa muku bambancinsu ba.

Kabewar nan baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Asalinta nahiyar Amurka ne. A wani kogo a jihar Oaxaca ta Meziko an tono 'ya'yanta da aka noma kusan shekara 10,000 da suka wuce, kuma masana sun ce da alama don 'ya'yan aka fara noma ta, domin tsokar ta daji ɗaci ne da ita. Bayan 1492 ta tsallako teku tare da masara da rogo da gyaɗa da barkono. Can ma tare suke shuka ta da masara da wake a gona ɗaya, kamar yadda kakanninmu ke jefa ta a gefen dawa da wake. Danginta kuwa, irin su duma da guna, sun daɗe a wannan ɓangare na duniya. Kun ji a makarantar Islamiyya labarin da Anas ɗan Malik ya bayar, na wani tela da ya gayyaci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cin abinci, aka kawo romo da wani dangin kabewa a ciki, ya ga Manzo yana bin gefen akushi yana tsintar yankakkun, shi ma tun daga ranar ya so ta. Kun kuma san irin shukar da Allah ya tsirar wa Annabi Yunusa ta yi masa inuwa bayan ya fito daga cikin kifi. Abincin da ke da wannan matsayi, wane ne ɗan boko da zai raina shi?

To me ya sa muka saki? A ganina kunya ce, kuma kunyar tana da tarihi. Ƙasar Kano ta ga yunwar 1914 da ake kira Kakalaba, ta ga 'Yar Buhu a 1927, ta ga farin 1973 da na 1984. A duk waɗannan shekaru ganye ne ya riƙe rayuka: tafasa, yaɗiya, rama, ɗinkin, har abin da ba a saba ci ba. A 2005 ma, bayan fari da fara sun cinye amfanin gona a Nijar, mutanen karkarar Maradi anza suka koma, suna jiƙa 'ya'yanta kwanaki suna sauya ruwa kafin ɗacin ya fita. Wanda ya rayu cikin irin wannan, in Allah ya kawo sauƙi, abu na farko da yake so ya nuna shi ne gidansa ya wuce cin ganye. Sai 'ya'yansa su taso suna jin cewa tafasa abincin matsiyata ce. Jikoki kuwa, wato ku, sun taso da taliyar leda da dunƙulen magi, ko sunan ganyen ba su sani ba. Ina fahimtar kakanninku, sun sha wuya. Ku ne ban ga hujjarku ba, domin ba ku ga yunwar ba, ƙyamar kawai kuka gada. Ga shi yanzu masu kuɗin birni da likita ya ce su rage shinkafa saboda ciwon sukari da hawan jini su ke aika direba ya nemo musu kwaɗon zogale.

Ku dubi yadda mutanen da suka bi shuka gaɓa-gaɓa, za ku san ba yunwa kaɗai ta koya musu ba, har da basira. Yakuwa ɗaya ce, amma ganyenta ya shiga taushe da fate, jan kwanson da ke rufe 'ya'yanta ya zama zoɓo, 'ya'yan kuma, gurguzu, a dafa su a rufe su ruɓa a yi daddawar batso, wadda warinta ke korar baƙo amma miyarta ke dawo da shi. Karan ma igiya ake yi da ɓawonsa. Zoɓon da yarinya ke ƙullawa a leda a ƙofar makaranta shi ne ake tarawa buhu-buhu a kasuwar Dawanau a kai har Meziko, inda suke shan sa kamar yadda muke sha. Kuka ta ba mu ganyen miya mai sinadarin ƙarfafa ƙashi, ta ba mu farin garin cikin ƙwame da ake dama nono da shi, wanda bitamin C ɗinsa ya ninka na lemon zaƙi. Sai a 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da wannan gari a matsayin abinci, a wurinsu sabon abu ne. Ɗorawa ta ba da rawayan gari ga yara, kalwa ga mai daddawa, makuba ga mai daɓe. Albasa ma ba kanta kaɗai ake ci ba. Lawashi yana shiga miya ɗanye, in ya yi yawa a kirɓa shi a dunƙule a shanya ya zama gabu, wanda zai kai ki bazara lokacin da albasa ta yi tsada. Ɗinya tana da 'ya'ya, tana da ɗinkin. Giginya tana da 'ya'ya, tana da muruci. Wani likita Bature, J. M. Dalziel, da ya yi aiki a Arewa, sai da ya cika littafi guda a 1916 da sunayen tsirrai na Hausa kawai. Daga bakin Hausawa ya ji su. Yau in aka tara ɗaliban babbar sakandare aka ce su kawo sunan ganye ashirin da ake ci, sai an yi ta kallon rufi.

Akwai kuma waɗanda muke nomawa da yawa amma muka bar wa dabbobi ganyensu gaba ɗaya. Ganyen wake mai taushi abinci ne, a ƙasashen gabashin Afirka wasu ma don ganyen suke shuka shi. Harawa ba za ta ragu ba don an tsinki na miya. Ganyen dankalin Hausa ya fi alayyahu laushi, ba ya buƙatar doguwar dahuwa, a Saliyo da Laberiya miyar gida ce. Ganyen kuɓewa ƙanana suna yauƙi kamar lalo. Zogale da muka tsaya ga ganyensa, furensa ana soyawa da ƙwai, ɗanyen kwansonsa tun yana siriri mutanen Indiya miya suke yi da shi.

Yanzu ga rabin maganar da ya fi nauyi, kuma ina roƙon ku kada ku ɗauki na farko ku bar wannan. Tsohuwar da ta san abin da ake ci ta san wanda ba a ci, tare ta koye su. Ku kuwa haɗarinku shi ne ku ji an ce komai na shuka abinci ne, ko ku gani a Facebook ko TikTok, ku shiga daji da kwando.

Ita kanta kabewa tana da ranar da ba a cin ta. Duk dangin nan, kabewa da duma da guna da kokwamba, suna iya fitowa da wani sinadari mai tsananin ɗaci wanda guba ne. Yana yawaita in shukar ta sha fari, ko in irin ya gaurayu da na daji, irin wadda ke tsirowa da kanta a juji. Wuta ba ta kashe shi. Saboda haka kafin ki zuba a tukunya, ki lasa ɗan yanki. In kin ji ɗaci, ki tofar, ki zubar da ita duka, kome girmanta da kyanta. Ta zama kabewar kan kabari, baƙin cikin masu taushe. Kada wani ya ce miki ɗaci ai magani ne. A 2015 wani dattijo a Jamus ya rasu bayan ya ci miyar irin wannan kabewa daga lambun gida, a Indiya ma an yi asarar rayuka ta shan ruwan duma mai ɗaci da sunan maganin sukari. Duman da muke fafe ƙwarya da ludayi da shi ba na ci ba ne, shi ya sa ake jiƙa sabuwar ƙwarya a kankare ta kafin a sa fura.

Dankalin Hausa ana cin ganyensa, na Turawa ba a ci, sunan ne kawai ya haɗa su. Shi na Turawa ko ƙwayarsa ce ta yi kore ko ta fara tsiro, a yanke wurin da zurfi, in ya yi yawa a jefar, domin ita ma wannan guba dahuwa ba ta raba ta da shi. Ganyen tumatir ma a bar shi. Gwaza in bai dahu sosai ba, maƙogwaro zai gaya maka. Zogale ganye da fure da kwanso, amma saiwarsa a bar wa ƙasa, musamman mai ciki.

Rogo shi ne ya fi yaudara. Mun saba da mai zaƙi, a dafa a ci da ƙuli da yaji. Amma akwai mai ɗaci da ake nomawa don gari, wanda sai an fere, an jiƙa kwanaki, an matse, an shanya ko an soya kafin gubar cikinsa ta fita. A Kwango tun 1938 likitoci suka bayyana wata cuta mai shanye ƙafafu farat ɗaya, ana kiranta konzo, tana kama mata da yara a lokacin yunwa in an gajarta jiƙon rogo saboda gaggawa. Ganyen rogo kuwa babbar miya ce a Kwangon da Saliyo, amma gubarsa ta fi ta saiwar yawa. Sai sun kirɓa shi lilis, sun dafa shi dogon lokaci a buɗaɗɗiyar tukunya. Ba ganyen da za ki yi wa dahuwar alayyahu ba ne. In babu wanda ya iya a kusa, a haƙura da shi.

Sai masu kama da juna. Tafasa da rai-ɗore sukan tsiro wuri ɗaya a bakin hanya, furensu duk rawaya. Ku duba ganyen. Na tafasa kansa a zagaye yake, guda shida ne bibbiyu a jere, kwansonta siriri ne dogo mai lanƙwasa. Na rai-ɗore kansa tsini ne, sun fi shida, yana da wari mai ƙarfi in an murza, kwansonsa ya fi faɗi. Ɗanyun 'ya'yan rai-ɗore suna lalata hanta, a arewacin Indiya an danganta mutuwar yara da dama da cin su. Bini-da-zugu da muke shinge da shi, 'ya'yansa ɗanɗanon gyaɗa gare su, shi ya sa ƙananan yara ke ci, sai amai da gudawa su kwantar da su. Zaƙami kuwa ba sai na yi muku bayani ba, kun san samarin da aka zuba wa a abin sha a wajen biki, kun san yadda suka ƙare. Ƙa'idar a nan gajeriya ce: ganyen da ba a nuna maka shi a hannu ba, a tsaye a inda yake tsirowa, daga bakin wanda ya ci shi shekara da shekaru, ba naka ba ne. Hoton waya bai isa shaida ba.

Akwai wani haɗari sabo wanda tsofaffin ma ba su gada ba, wato maganin feshi. Wake yanzu sai an fesa shi sau da yawa kafin ya yi. Ganyen gonar da aka fesa jiya ba na miya ba ne, ko an wanke. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. Ku da kuka yi makaranta ku karanta wa iyayenku, in rubutun ya shige muku duhu ku tambayi malamin gona na KNARDA. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Masu noman rani a bakin madatsun ruwan Guzuguzu da Magaga su ma su ji tsoron Allah a kan alayyahu da latas da suke kaiwa kasuwa. Maganin ciyawa kuma ya yi mana wata ɓarnar a ɓoye. Da, mai noma da fartanya yana gane gasaya da lalo da karkashi da rukuɓu, ya kewaye su ya bar wa matan gida. Feshi ba ya tantancewa, duk ciyawa ce a wurinsa. Shawarata ita ce kowane gida ya ware kunya biyu ko uku a gefen gona, ko bayan gida inda ruwan wanke-wanke ba na sabulu ba ke gangarawa, wurin da feshi ba ya zuwa. A jefa kabewa da wake da yakuwa a wurin, a bar na Allah su tsiro tare da su.

A wajen dahuwa kuma, iyayenmu mata su yi mini afuwa, akwai abin gyara. Kanwa tana sa ganye ya yi laushi da wuri ya riƙe korensa, amma tana kashe wasu sinadaran, a rage hannu. Ruwan da aka tafasa zogale aka tsiyaye, da rabon amfanin yake tafiya, gara a sa ruwa kaɗan wanda zai tsotse. Abin da suka yi daidai tun asali shi ne haɗa ganye da ƙuli da man gyaɗa, domin bitamin A sai da maiƙo yake shiga jiki, sannan ɗanyen tumatir da matsin lemon tsami a kwaɗo suna taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye. Shayi mai kauri a kan abinci akasin haka yake yi, a ɗan jinkirta shi.

A watan Agusta da Satumba ganye yana yin yawa har a rasa yadda za a yi da shi, a Afrilu da Mayu kuwa ko na magani sai an saya. Lokacin yalwar ake tanadi. A tsinko ganyen kabewa da na wake da zogale da tafasa, a tsoma a tafasasshen ruwa a tsame nan take, a baza a kan tabarma a cikin rumfa ko zaure inda iska ke ratsawa. Rana tsaka tana cinye launin da amfanin, ganyen da ya bushe ya koma ruwan ƙasa ya yi asara. In ya bushe har yana karyewa a hannu, a zuba a tulu ko bokiti mai murfi, a ɗaga daga ƙasa. Tsokar kabewa ma ana yanka ta siri-siri a shanya kamar yadda ake kauɗar tumatir. Irin baɗi kuwa a ɗebe shi daga wadda ta fi jan ciki da zaƙi, bayan an ɗanɗana, a busar da shi sosai, a gauraya da toka saboda ƙwari, a rubuta shekarar a jikin kwalbar.